Darasi: Don Wa Aka Yi Wannan Fim?

 Ya ƴan'uwa Musulmi, iyaye da dama suna tambayarmu game da finafinan da yara ke kallo a telebijin da salula. Amsarmu tana farawa da tambaya guda: don wa aka yi fim ɗin?

Kuskure biyu muke gani. Na farko, babba ya auna fim ɗin yara da hankalin manya, ya ce wauta ce, ya hana. Tom da Jerry, kyanwa da ɓeran da aka fara nunawa a Amurka a 1940, ba don malamai aka zana su ba. Wasa haƙƙin yaro ne. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya bar Nana A'isha ta kalli wasan Habashawa a masallaci.

Na biyu ya fi haɗari: zaton kowane zane mai motsi na yara ne. South Park, wanda aka fara a 1997, zane ne, amma na manya, cike da batsa. Hatta fim ɗin Bilal, da aka yi a Dubai a 2015, alamar PG-13 aka ba shi a Amurka saboda yaƙi da azabtarwar da ke ciki, wato a yi hattara da yaron da bai kai shekara 13 ba.

Waɗannan alamomi, da aka soma a Amurka a 1968, suna da amfani, amma da al'adar masu su aka auna. Kirikou, na Bafaranshe Michel Ocelot (1998), an yi shi don yara, yana koyar da jaruntaka da jin ƙai, duk da haka akwai tsiraici da sihiri waɗanda sai uba ya yi bayani.

Saboda haka muna nasiha da abu uku. Mu duba shekarun da aka rubuta. Mu kalla kafin yaro ya kalla, ko mu zauna tare da shi. In an gama, mu tambaye shi abin da ya fahimta, domin nan ake gane abin da ya shiga zuciya.

Yaro amana ne, kuma za a tambaye mu. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.