Gyaran Gida Kafin Ruwa Ya Sauka

Furana gari ne na manoma a ƙasar Zazzau, can arewacin Jihar Kaduna, a yankin Ikara da Makarfi da Kudan. Wanda ya zaga ƙauyukan wannan yanki zai ga gidaje iri iri. Akwai na bulo da siminti, akwai na ƙasa masu rufin kwano, akwai kuma soraye da ɗakunan ciyawa irin na kakanni. Har yanzu ginin ƙasa yana da yawa, domin ba shi da tsada, kuma ɗakin ƙasa ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu.

Amma ginin ƙasa yana da babban abokin gaba, shi ne ruwa. A ƙasar Zazzau a kan yi ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, ya fi kuwa ƙarfi a watan Agusta. Ga ɗan lissafi. Ɗakin soro mai tsawon mita 4 da faɗin mita 4, ruwan da ke sauka bisa rufinsa a damina ɗaya ya kai lita 16,000. Duro ɗaya lita 200 ya ke ci. Watau ke nan duro 80 a ke juye wa ɗakin nan a ka kowace shekara, shi kuwa da ƙasa aka yi shi. Saboda haka ko da magini ya gama aikinsa ya tafi, aikin mai gida bai ƙare ba. Kowace shekara sai ya mayar wa gidan abin da ruwa ya ɗebe.

Lokacin gyara shi ne rani, daga bayan kaka zuwa tsakiyar bazara. To, a wannan yanki rani ba lokacin hutu ba ne. Makarfi da Kudan sun shahara da rake, Ikara kuma da tumatir, kuma da rani a ke yawan hidimarsu. Mai gida ya kan dubi tsagar bangonsa da safe, ya ce, "Bari in kai rake kasuwa tukuna." Wannan kasuwa ta ci, wata ta kewayo, yana ta cewa gobe, har ran nan ya ga hadari ya haɗo daga gabas. Yaɓen da aka yi yau, ruwa ya sauka gobe, ya zama wahalar banza, domin ɗanyar ƙasa ba ta jure ko da yayyafi.

Mai dabara tun watan Maris ya ke tara jar ƙasa mai danƙo a ƙofar gida. A kan farfasa ta da fartanya, a zuba ruwa, a daddatsa busasshiyar ciyawa a barbaɗa, sa'an nan a shiga da ƙafa a yi ta tattakawa. Wasu su kan ƙara kashin shanu ko na jaki. Ba a yin aiki da ita ran nan. Sai a bar ta ta yi kwanaki, ana yayyafa ruwa ana sake tattakawa, har ta ruɓa ta kama jikinta. Ku lura da amfanin ciyawar nan. In kun taɓa ganin kududdufi ya ƙafe, kun ga yadda laka ke tsattsagewa. Haka yaɓe zai yi in babu ciyawa, domin ita ce ke riƙe ƙasar sa'ad da ta ke bushewa. Kududdufin ma, galibi wurin da aka haƙi ƙasar gina garin ne. In ya cika da damina ba wurin wasan yara ba ne.

Ran yaɓe, da farko a kan kankare duk tsohon da ya ɓamɓaro, a yayyafa wa bangon ruwa domin sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa. Mai gida ya hau tsani, samari suna cura ƙasa suna jefa masa, shi kuma yana cusawa cikin tsaga, yana shafewa da tafin hannu. Bangon gabas shi ya fi bukatar kulawa, gama daga nan iska ke koro ruwa. Amma inda mutane su ka fi mantawa shi ne gindin bango. Ruwan da ya faɗo ƙasa ya kan fantsama a kansa, awaki su yi ta goga jiki, har ya zaizaye ya zama siriri, alhali kuwa shi ke ɗauke da nauyin ginin duka. Sai a cike shi da ƙasa, a yi masa gangare, a kuma yashe rariya domin ruwan tsakar gida ya sami hanyar fita.

Bayan yaɓe ya bushe a kan bi shi da makuba. Ɗorawa itace ce mai albarka: a sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, ɓawon kuma a jiƙa shi, ya ba da wani ruwa mai duhu wanda ke sa ƙasa ta yi tauri, ruwa ya riƙa zamewa a kanta. Da bazara ɗorawa ke nuna, daidai lokacin da a ke bukatarta. Da makuba mata ke yayyafa wa daɓen ɗaki in sun taru da maɗaɓansu. A da masu hali su kan shafe rufin soro da laso, wanda a ke haɗawa da katsi na marina da gashin awaki na majema da ruwan dafara. Yanzu da marinai su ka ragu, laso ya yi wuyar samu.

Rufin soro shi ne wurin da mai gida ya fi yin kuskure. Aikinsa a can kaɗan ne. Ya hau ya cire ciyawar da ta tsiro, ya toshe ramukan ɓera da na ƙadangare, ya tabbata indararo bai toshe ba, bai kuma karkace yana zubar da ruwa a jikin bango ba. Amma ga misalin abin da kan faru. Wani mai gida ya ga ɗakinsa yana yoyo, sai ya ƙara ƙasa a bisa. Baɗi ya sake yoyo, ya sake ƙarawa, bai taɓa kankare tsohuwar ba. Ƙasa mai kaurin santimita 5 kawai a kan ɗakin nan mai mita 4 ta fi kilo 1,200, watau nauyin buhun masara 12. Azarar da ke ɗauke da ita sai ta soma lanƙwasa, tsakiyar rufin ta lotsa, ruwa ya riƙa kwanciya a nan maimakon ya bi indararo. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya kira magini. Magini ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Malam, ɗakin nan ba ƙasa ya rasa ba, yawa ta yi masa. Kada kowa ya kwana a ciki sai an sauke rufin." Garin neman gira, saura kaɗan a rasa ido.

Azara daga giginya a ke tsaga ta, kuma gara ba ta cin ta da sauƙi. Duk da haka ba a barin ta ta ɗauki rufi a sararin da ya wuce ƙafa 6, watau kusan mita 2, ba tare da abin tokara ba. Sanin yadda za a jera ta a ɗaure, a fitar da bakan gizo ko daurin guga, sana'a ce da a ke gado, a shekara ana koyo. A birnin Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Jumma'a da ƙasa da azara. A cikin shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini, amma aka bar bakan gizon da ya yi a ciki. Irin wannan aiki ba na wanda ya dawo daga gona da yamma ya ce zai gwada ba ne.

Wani kuskuren kuma sabo ne. Mai gida ya sayar da amfanin gonarsa, ya ce ya gaji da yaɓen kowace shekara, sai ya sayo siminti ya shafe bangon ƙasa da hannunsa. Shekarar farko gidan ya yi kyau, maƙwabta suna ta yaba masa. Amma siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. Zafin rana da sanyin dare su kan sa simintin ya yi ƙananan tsaga, ruwa ya bi ta nan ya shiga. Bangon da aka yaɓe da ƙasa, in ya jiƙe, rana na fitowa ya bushe. Wanda aka rufe da siminti kuwa, damshin ba shi da mafita, sai ya yi ta cin bangon daga ciki, ido bai gani. Ran nan sai simintin ya ɓallo falle guda, a tarar da kogo a bayansa. Wanda ya ke da irin wannan bango, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. In ya ji yana amsawa kamar ganga, to, ya rabu da ƙasar.

Masu rufin kwano su ma da nasu. A kan tudun kwano a ke buga ƙusa, domin ta kwarin ne ruwa ke bi. Katako a kan shafe shi da baƙin mai saboda gara, a kuma ɗaure shi da waya a jikin gini, gama iskar farkon damina ta kan yaye rufi ɗungum.

Yaɓen shekara ba abin kunya ba ne. A garin Jenne na ƙasar Mali akwai masallacin da ya fi kowane ginin ƙasa girma a duniya, wanda aka gama a 1907. Kusan kowace shekara mutanen garin su kan fito kwansu da kwarkwata su yaɓe shi. Mata na kawo ruwa, samari na hawa bisa itatuwan da aka bari suna leƙowa daga jikin bangon, ga kiɗa, sai ka ce ranar salla.

In kuwa damina ta riga ta yi nisa, yaro ma yana iya ganin alamun da ya kamata ya faɗa wa manya nan da nan: ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara ta soma ƙara, ko bango ya yi ciki, ko tsaga ta fi yadda ta ke jiya. Ya je ya ce, "Baba, zo ka ga ɗakinmu." Sai a kwashe yara da tsofaffi a kai su wani ɗaki tun kafin dare, a aika a kira magini.

Tambayoyi

1. Me ya sa a ke zuba ciyawa cikin ƙasar yaɓe?
2. Daga ina a ke samun makuba?
3. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, duro nawa na ruwa ke sauka a kansa a damina ɗaya?
4. In kun koma gida, ku zaga ku dubi gindin bango da indararo da rariya. Gobe ku faɗa wa malam abin da ku ka gani.