Mai Gadin Shafin Intanet: Dalilin Kulle Mai Gida da Hanyoyin Buɗewa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manhajar tsaro kan rufe wa mai shafin intanet ƙofar shafinsa, da kuma dabarun komawa ciki.

Dalilin Kullewa

Shafukan da aka gina da WordPress, wadda ta fito a 2003, akan sanya musu manhajar tsaro irin su Wordfence. Aikinta irin na sarkin ƙofa ne a garuruwa masu ganuwa. Tana ƙirga kuskuren kalmar sirri, idan ya wuce adadin da aka ƙayyade, sai ta toshe lambar adireshin mai ƙwanƙwasawa. A Ƙaraye da Rogo, inda galibi ta layin waya ake shiga intanet, kamfani kan haɗa mutane da yawa bisa lamba guda. To, wake ɗaya kan ɓata gari: kuskuren wani yana iya hana malamin makaranta sanya sakamakon jarrabawa ranar da iyaye suke jira.

Hanyoyin Buɗewa

Ta farko, a jira wa'adin kullen ya cika. Ta biyu, a nemi saƙon buɗewa ta imel ɗin mai shafin. Ta uku, a sauya layi, don lambar ta sauya. Idan duk suka faskara, sai a shiga ma'ajiyar shafin ta hannun kamfanin da yake riƙe da shi, a sauya sunan jakar manhajar. Nan take za ta daina aiki.

Kammalawa

Da zarar an shiga, wajibi ne a mayar da sunan, a gyara ƙa'idojin manhajar, domin gidan da aka sallami mai gadinsa ɓarayi ya gayyata.