Darasi Kan Ƙayyade Kamun Kifi

A jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka akwai wani kifin bakin teku mai ɗigo-ɗigo a gadon baya, wanda masu kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi suka fi so. Shekara da shekaru doka ta yarje wa kowane mutum ya kama 25 a yini, muddin kowanne ya kai inci 12.

Da binciken ma'aikata ya nuna ana kwasar kifin fiye da yadda yake hayayyafa, sai hukuma ta kawo shawarar gyara dokar. An sha gardama, domin wasu abincinsu ke nan, watau masu ɗaukar baƙi a jirgin ruwa zuwa kamu. A watan Nuwamba na 2023 sabuwar doka ta fara aiki: kifi 15 a yini, tsawonsa daga inci 13 zuwa 20, kuma biyu kaɗai aka yarda su zarce inci 20.

To, don me za a hana kama babba? Abin lura shi ne yawancin manyan mata ne, su ne kuwa suka fi zuba ƙwai. Ƙarami kuma ana mai da shi ruwa ne don ya samu hayayyafa tukuna.

Mu ma nan Nijeriya, dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta hana sa taru mai ido ƙasa da milimita 76, wajen inci 3 ke nan, in ban da wasu kayan kama ƙananan kifaye da ta keɓe.