Kafin Manomi Ya Biya Kuɗin A-kori-kura Mai Shan Dizal

Duk shekara, da zarar an karya masara aka fara ɗinkin buhuna a ƙasar Funtua da Malumfashi, akwai baƙon da ba ya fashin zuwa garejin bakanike mai wannan rubutu. Ko dai manomi ne da damina ta yi wa kyau, ko ɗan kasuwar hatsi da ya gaji da biyan kuɗin mota. Sai ya zaro waya daga aljihu, ya nuna hoton da dillali ya turo masa daga Kaduna ko Legas, ya ce: "Maigida, duba mini wannan. An ce dizal take sha, ba ta san gajiya ba."

Bakaniken ba ya gaggawar karɓar wayar. Abin da yake fara cewa shi ne: "Alhaji, buhu nawa za ta riƙa ɗauka, daga ina zuwa ina, kuma wa zai riƙa sayar maka da mai?" Da yawa a nan suke yin shiru, domin launin motar da girman tayoyinta suka gani, ba su zauna sun yi wannan lissafin ba.

Dattawa sun san lokacin da zaɓin bai da wuya. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kura ƙirar 404 da 504 ce ke jigilar auduga zuwa gidan gurza, kuma kowane bakanike daga Bakori zuwa Ƙafur ya san cikinta da bayanta. Yanzu kasuwa ta cika da Hilux, da Isuzu D-Max, da Mitsubishi L200, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, har da manyan motocin Amurka, kowace da irin halinta.

Maganar nauyi ita ce ta fi ci wa bakaniken tuwo a ƙwarya. Hilux da takwarorinta an ƙera su ne su ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba, ko kusa da haka, kuma a cikin wannan lissafin har da direba da yaron mota. Buhun masara kilo 100 ne, na taki kilo 50. Ke nan masara buhu 10, ko taki buhu 20, an kai iyaka. Mai ƙofa huɗu ma ba ta kai haka ba, ga bayanta gajere. Amma a hanyar Ɗandume ranar kasuwa, ba abin mamaki ba ne a ga an labta wa irin wannan mota buhu 18, mutane kuma sun hau saman kaya. Dabarar da aka saba ita ce a je wajen mai walda a ƙara sifirin biyu ko uku, sai motar ta daina durƙusawa, mai ita ya ɗauka an gama. Ƙarin sifirin bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa shasi kauri ba, bai canza kuloci ba. Abin da ke biyo baya shi ne tsagewar shasi daidai bayan gidan direba, da fashewar taya a kan kwalta mai zafi, da birkin da ke ƙin ci a gangara. Wanda aikinsa kai buhu 30 ne zuwa Dawanau a Kano, Canter ko Dyna ya kamata ya nema. A-kori-kura aikinta shi ne shiga gona ta hanyar burji da taɓo, inda babbar mota ba za ta kai ba, ta fito da kaya bakin titi.

Sai tambayar ko dizal ɗin ma ya zama dole. Yawancin Hilux da ke yawo a Najeriya masu shan fetur ne, inji mai lita 2.7, kuma shekaru da dama dizal ya fi fetur tsada nesa ba kusa ba, saboda fetur ne ke da tallafi. Cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage wannan tazara. Injin dizal yana da ƙarfin ja tun yana tafiya a hankali, abin da ake bukata a cikin laka, yana kuma shan mai kaɗan idan an yi lodi. Ga wanda ke da tarakta, mai ɗaya zai riƙa saye. Amma wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari da gonar bayan gari ba, bakaniken kan ce masa ya zauna a kan fetur, gyaransa ya fi sauƙi.

Injinan dizal ɗin da ke zuwa garejin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar maganar. Akwai tsohon yayi, mai famfon mai na ƙarfe zalla, kamar 5L na Hilux mai lita 3, da 4JA1 na Isuzu, da 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda Toyota ta fito da shi a 1990 take sa wa Land Cruiser. Ba su da gudu, suna da ƙara, amma suna haƙuri da mai maras kyau, kuma mai gyaran famfo da nozul a Funtua ko Zariya zai kwance su ya mayar. Akwai kuma sabon yayi, wanda na'ura mai ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, kamar 2KD da 1KD, da 2GD da 1GD da suka zo daga 2015. Waɗannan sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, ba su da hayaki sosai. Sai dai suna fesa mai ne da matsi mai tsananin gaske ta ƙofofin da suka yi kusa da siririn gashi, kuma man da kansa shi ne ke sanya wa famfo santsi. Ɗigon ruwa, ko ƙura, ko kananzir da aka gauraya, ya isa ya cinye nozul huɗu a lokaci guda. Kuɗin sababbi na asali kan lashe ribar gona sukutum.

To wane irin mai ake samu? A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna cewa dizal ɗin da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma cike yake da farar wuta, ninkin-ba-ninkin abin da doka ta yarda da shi a Turai. Tun daga lokacin an tsaurara ƙa'ida, matatar Dangote ma ta fara sayar da dizal a 2024. Amma mai ba daga matata yake shiga tankin manomi ba. Yakan kwana a duro, ya zauna a jarka a hannun 'yan bumburutu, ya sha raɓa da ƙurar hunturu. Shi ya sa bakaniken ke nace wa duk mai sabon yayi ya ƙara matatar da ke raba ruwa da mai kafin ta kamfani, ya riƙa tsiyaye ta, ya kuma tsaya a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi.

Labarin da ya fi yi masa ciwo na wani ɗan kasuwar waken suya ne. Ya sayo ƙatuwar mota ƙirar Amurka, irin masu jan tirela, bayan an ce masa ta fi Hilux biyu. A wajen ƙarfi ba a yi masa ƙarya ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, tun 2006 Amurka ta koma dizal mai tsabta sosai, daga 2007 aka sa wa irin waɗannan motoci matatar toka a salansa, daga baya kuma aka ƙara wani ruwan magani da ake zubawa a tanki na daban domin rage gubar hayaki. Kafin kaka ta ƙare matatar ta toshe, fitilu suka kunnu a gaban direba, ƙwaƙwalwar motar ta rage mata ƙarfi har babur na wuce ta. An nemi kayan gyaran a Ƙofar Ruwa a Kano, an nema a Panteka a Kaduna, aka aika Ladipo a Legas. Motar ta yi watanni a ƙarƙashin bishiya, mai ita ya koma biyan kuɗin lodi. Abin da bakaniken ya ɗauka daga nan, yake kuma gaya wa kowa, shi ne mai saye ya fara zuwa kasuwar kayan gyara kafin ya je kasuwar mota. Ya tambayi farashin nozul, da faifan kuloci, da matatar mai, da lagireto na motar da yake so. In mai shago ya ce sai an yi oda daga waje, amsar ta fito.

A wannan yanki lalacewar mota ba asarar kuɗi ce kawai ba. Duk wanda ke noma ta wajen Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara ya san abin da ake nufi da inji ya mutu a daji bayan la'asar.

Ranar duba mota, sammako ake yi. Bakaniken yakan ɗora hannu a kan inji kafin a tayar, in ya ji ɗumi ya san an riga an ɗumama shi don a ɓoye wahalar tashi, sai ya ce a bari sai gobe. Injin kirki yana tashi da bugu ɗaya yana sanyi. Baƙin hayaki na nuna matsalar nozul ko matatar iska, shuɗi na nufin inji na cin man juye, fari mai ɗorewa kuma sau da yawa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Yakan buɗe murfin man juye inji na aiki, ya ɗora shi sako-sako a bakin ramin. In hucin da ke fitowa ya tunkuɗe murfin, inji ya gaji, ko da kuwa agogon tafiya na nuna kilomita kaɗan, domin mayar da agogo baya ba wuya gare shi ba. Yakan tambayi yaushe aka canza bel ɗin da ke daidaita bugun inji. A 1KD da 2KD kamfani ya ce a kilomita 150,000, kuma in ya tsinke ana tafiya yakan lanƙwasa bawul.

Daga nan sai kwanciya a ƙarƙashin mota da tocila. Sabon baƙin fenti a jikin shasi abin tuhuma ne, ko dai walda aka rufe, ko tsatsar gishirin da ake watsawa a titunan Kanada da arewacin Amurka lokacin ƙanƙara. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙira, tsohuwar taya mai sabon zane ba ta jure lodi. Giyar taimako ta ƙafa huɗu kuwa ba a yarda da ita da baki, sai an sauka daga kwalta an sa ta an gani, saboda wasu an cire musu sandar da ke juya tayoyin gaba.

Takardu ba su ɗaukar dogon bayani, amma su ne ke raba mutum da motarsa a shingen kwastam. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta zo daidai da ta takardar duti, harafi da harafi. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano mai araha na bukatar bincike biyu. Haka kuma tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, amma motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu bakaniken ba ya ba da shawarar a saya, ya sha ganin yadda ake yanke wayoyi da bututun birki a irin wannan aiki.

Gwajin ƙarshe dillalai ba su cika so ba. Bakaniken kan nemi a zuba wa motar taki buhu 15, a fita da ita hanyar Malumfashi ta Bakori, a yi tafiyar rabin awa rana na tsaka, idonsa na kan allurar zafi. A dawo a tsaya, a bar inji na aiki, ya sake leƙa ƙarƙashi ya ga ko wani abu na ɗiga. A kakar bara, da yake duba wa wani Alhaji mota, motoci biyu ya mayar bayan wannan gwajin. Ta uku, tsohuwar Hilux mai ƙofa biyu da injin 5L, fentinta duk ya koɗe, ita ya ce wa Alhajin ya biya, kuma har yanzu ita ke kwaso masa tumatir daga Ɗanja.