Zaɓen Mazarin Injin Sassaƙa na CNC

Gabatarwa

Idan aka ce injin CNC, ana nufin injin sassaƙa wanda kwamfuta ke ba shi umarni. Mutum zai yi zanensa a kwamfuta, shi kuwa injin ya bi zanen yana fafe katako ko roba ko alminiyum, dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Da irinsa ake sassaƙa allunan shaguna da adon ƙofofi. Sashen da ke riƙe haƙorin yanka yana juya shi, shi za mu kira mazari a wannan darasi, domin aikinsa juyi ne kamar mazarin kaɗin auduga. Za a duba yadda mai ƙaramin inji a gida zai zaɓi mazari ba tare da kuɗinsa sun salwanta ba.

Mai buroshi da marar buroshi

Mazari mai buroshi yana da 'yan guntayen kabon biyu da ke gogar sashen da ke juyi don su kai masa wuta. Wannan guga ita ke jawo ƙara da tartsatsi, kuma kabon ɗin yakan cinye, sai an sauya shi. Misalinsa shi ne Makita RT0700C mai wat 710, wanda ke juyi 10,000 zuwa 30,000 a minti. Yana da araha, amma an ƙera shi ne don aikin hannu na ɗan lokaci, alhali sassaƙa ɗaya a CNC na iya cin awa huɗu.

Marar buroshi kuwa ba abin da ke guga a cikinsa sai boris. Ya kasu gida biyu. Akwai ƙarami mai maganaɗisu, wat 300 zuwa 500, mai juyi kimanin 12,000 a minti, wanda ya dace da zane a kan katako mai laushi. Akwai kuma babba mai kilowat 0.8 ko 1.5 ko 2.2, wanda ba ya aiki sai da wata na'ura mai suna VFD. Wutar gida a Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wadda iyakarta ta juya irin wannan mazari sau 3,000 a minti. VFD ita ke ɗaga kaɗawar zuwa 400, sai juyin ya kai 24,000.

Ƙarfin da aka rubuta a kwali

A nan masu koyo da yawa ke ruɗuwa. Kilowat 1.5 da aka rubuta ba a samunsa sai mazarin yana kan cikakken gudunsa. Idan aka rage gudun zuwa 6,000, wato kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin da ya rage bai wuce wat 375 ba. Ke nan wanda ke son yanka baƙin ƙarfe, mai bukatar juyi a hankali da murɗa mai ƙarfi, wannan mazari ba zai biya masa bukata ba.

Haka kuma dole gudun juyi ya yi daidai da tafiyar inji. Ga lissafin: a ninka juyi da yawan kaifin haƙori, sannan a ninka da kaurin abin da kowane kaifi zai ɗebo. Haƙori mai kaifi 2 da ke juyi 18,000, kowane kaifi na ɗebo milimita 0.05, yana bukatar injin ya yi tafiyar milimita 1,800 a minti. In injin ya gaza haka, haƙorin zai riƙa guga maimakon yanka, katako ya ƙone, roba ta narke, haƙorin ma ya dushe.

Nauyi da mariƙin haƙori

Hausawa na cewa daidai ruwa daidai tsaki. Mazari mai kilowat 2.2 kaurinsa milimita 80 ne, nauyinsa kuma ya kai kimanin kilo 5. Idan aka ɗora shi a kan inji mai siraran ƙarafa, sai ya riƙa lanƙwasa yana karkarwa, sassaƙar ta fito da zane-zane. Mai kilowat 0.8, wanda kaurinsa yawanci milimita 65 ne, ya fi dacewa da ƙaramin inji.

A kuma duba mariƙin haƙori. Mai lamba ER11 iyakarsa haƙori mai kaurin milimita 7, ER16 milimita 10, ER20 kuwa milimita 13. Wanda ya tanadi manyan haƙora ya sayi mai ER11, ya yi asara.

Sanyaya da haɗa wuta

Ana sanyaya wani mazarin da iska, wani da ruwa. Na iska ba shi da wahalar haɗawa, sai dai ya fi ƙara, kuma fankarsa tana raguwa da raguwar juyi, shi ya sa yakan ɗau zafi in an daɗe ana juya shi a hankali. Na ruwa ya fi shiru, amma yana bukatar famfo da bokiti da tiyo, kuma mantuwa ɗaya da kunna famfon na iya ƙona kwayil.

Wajen wuta, a tabbatar an sayi mai volt 220, domin mai 110 an yi shi ne don irin wutar Amurka. Kafin kunnawar farko, a saita VFD a kan 400 kamar yadda aka rubuta a jikin mazarin. In aka bar ta a kan 50, wuta za ta yi masa yawa ya ƙone nan take. A yi amfani da waya mai sulke, a kuma haɗa wayar ƙasa, don kada hayaniyar wutar VFD ta katse kwamfuta a tsakiyar aiki.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa mai saye zai fara ne da tambayoyi uku: me zan sassaƙa, wane nauyi injina zai iya ɗauka, kuma wane kaurin haƙori zan yi amfani da shi? Ga mai aikin katako da roba da ɗan alminiyum, mazari mai kilowat 0.8 zuwa 1.5 ya wadatar. Rarar kuɗin gara a zuba ta wajen ƙarfafa jikin injin da sayen haƙora masu kyau.