Manhaja Ta Ginu, Amma Ta Ƙi Tashi

A watan Afrilun 2014, da aka bankaɗo ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, masu kula da sabar sun kasu gida biyu. Waɗanda manhajojinsu ke jingine da libssl na OpenSSL a matsayin laburaren tarayya sun sabunta shi sau ɗaya, suka sake tayar da manhajojin, shi ke nan. Waɗanda suka ɗinke laburaren a jikin kowace manhaja kuwa sai da suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna sake gini.

Amfanin laburaren tarayya a harshen C ke nan: kwafi guda a faifai, manhajoji da dama na cin moriyarsa. Sunansa na ƙarewa da .so a Linux, .dll a Windows, .dylib a macOS.

Gininsa ba wuya. Umarnin gcc -fPIC -c lissafi.c na fitar da lambar da za ta yi aiki a duk adireshin ƙwaƙwalwar da aka ɗora ta. Sai gcc -shared -o liblissafi.so lissafi.o ya mayar da ita laburare, sannan gcc shiri.c -L. -llissafi -o shiri ya haɗa shi da manhajar.

Duk mai koyar da C ya san inda gizo ke saƙa. An gama gini lafiya ƙalau, ana kunna manhajar sai ta ce ba ta ga liblissafi.so ba, alhali ga fayil ɗin kusa da ita. Dalili shi ne ma'aikata biyu ne a nan. Shi ld yana aiki lokacin gini, kuma shi kaɗai -L ke nuna wa hanya. Lokacin tashi kuwa, a Linux, ld.so ke nemo laburare, kuma ba ya leƙa jakar da mutum yake ciki. Yana duba hanyar da aka dasa a jikin manhajar, da LD_LIBRARY_PATH, da /etc/ld.so.cache, sannan /lib da /usr/lib.

Don gwaji, LD_LIBRARY_PATH ya wadatar. Aikin da zai je hannun jama'a kuwa, gwanaye kan dasa hanyar da -Wl,-rpath, ko su ajiye fayil ɗin a /usr/local/lib su kira ldconfig. Umarnin ldd na jero laburaren da manhaja ke buƙata, har da wanda ya ɓace.

Saura lambar da ke ƙarshen suna, kamar 6 ɗin libc.so.6. Ana ba da ita ta -Wl,-soname, kuma ana ƙara ta ne idan sabon laburare ya daina jituwa da tsofaffin manhajoji, don tsoho da sabo su zauna tare a kwamfuta ɗaya.