Kafin a Kunna Inji a Gidan Biki

Sana'ata haɗa kayan sauti a wajen biki, kuma yawancin aikina tsakanin Kankiya ne da Kusada da ƙauyukan da ke kewaye. Akwai abin da ya faru a gabana da damina wanda har yau bai bar zuciyata ba.

An kira ni wani ƙauye yinin biki. Da na isa sai na tarar wani yaro ya riga ya ja waya daga janareto zuwa rumfa, siririyar waya irin ta fitila, an haɗa ta wuri uku da leda maimakon salatif. An yi yayyafi da safe, ƙasa da danshi. Ban gama sauke kaya ba wata baiwar Allah ta ɗauki makirufo za ta yi sanarwa, ƙafarta ba takalmi. Sai ihu muka ji, ta yar da shi, hannunta na karkarwa. Allah ya kiyaye, amma wutar da muke aiki da ita bolt 230 ce, ta isa ta kashe babban mutum. Na kashe inji, na canza waya gaba ɗaya, na kafa sandar ƙarfe a ƙasa na ɗaure jikin injin da ita. Uwar biki ta ce, "Malam, kana ɓata mana lokaci." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, minti ashirin kawai nake roƙo."

Tun daga ranar nake zuwa ganin fili kwana ɗaya kafin biki. Janareto nesa da rumfa yake zama, aƙalla taku ashirin, bakin hayaƙinsa na kallon inda ba mutane, kuma ba a zaure ko cikin shago ba, don hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari mai sumar da mutum. Ba a zuba masa fetur yana aiki. Waya kuwa mai kauri, a bi da ita gefen katanga, a ɗaga mahaɗarta daga ƙasa. Ko da akwai wutar KEDCO ba na jingina da ita, don in ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, amfilifaya ce ke tafiya. In za a kunna kaya, amfilifaya ce ta ƙarshe. In za a kashe, ita ce ta farko.

Abin da ya fi damuna dai shi ne ƙara. A fili babu bango da zai riƙe sauti, duk sanda nisa ya ninka sai ƙarfinsa ya ragu da desibel 6. Sai na baya su ce ba sa ji, samari su matsa a ƙara, a mance da waɗanda ke gaba. Su wa ke gaba? Mata ne a kan tabarma, da goyo a baya, kunnen jariri daidai bakin lasifikar da aka ajiye a ƙasa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taro, ta ce kada matsakaicin ƙarfin sauti ya wuce desibel 100, kuma a wannan ƙarfin, kimanin minti 20 a mako shi ne iyakar abin da kunnen babba ke ɗauka lafiya. Mu kuwa daga la'asar muke farawa. Wannan ƙugin da kake ji a kunne bayan ka koma gida alama ce ta an taɓa jijiyar ji, kuma in ta mutu ba ta farfaɗowa.

Maganin abin a ɗaga lasifika a kan ƙafarta sama da kan mutum, a raba ta biyu ko huɗu a kusurwoyin fili, kowace a sassauta ta. Kowa zai ji, har da na bakin hanya. Mai magana ya tsaya bayan lasifika, sai makirufo ya daina kuka. Idan masu kalangu suka zo, makirufo ɗaya ga mai waƙa ya wadatar. Ƙasar nan ce ta haifi Mamman Shata a Musawa, manyanmu sun san yadda kalangu ke cika fili da kansa.

Ina kuma tambayar inda masallaci yake, da gidan da ke da mara lafiya ko mai jego, in juya bakin lasifika ga barinsu. Ana kiran salla nake kashewa, ba sai an aiko ba. Iyayen biki, in kun zo ɗaukar mai sauti, kafin ku yi cinikin kuɗi ku ce ya buɗe buhun wayoyinsa ku gani.